Mota Ta Goma

Gab da magariba Saje ya ce wa mai gadin gareji ya manta sifana a ƙarƙashin mota, zai shiga ya ɗauko. Ƙarya yake yi. Shekara ashirin da biyu yana gyaran motocin soja, bai taɓa kwana da ko ƙusa ɗaya a ƙasa ba, kowa a bariki ya san shi da wannan. Mai gadin dai ya buɗe masa ƙofa.

"A yi sauri, Saje," in ji shi. "Ni tun da aka jawo waccan motar ba na son rana ta faɗi ina nan."

Waccan motar ita ce ta goma. Wata biyu da suka wuce Manjo ya ce mota goma yake so kafin gari ya waye, za su kai abinci da harsashi bakin daga. Tara sun gyaru. Ta goma tiyon da ke kai wa inji gas ne ya tsage, sabo kuwa babu a sito, takardar neman kaya ta yi sati shida tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ƙa'idar garejin a fili take: ba a ja wa mota layin alli a ƙofa, alamar ta gyaru, sai an loda mata kaya an zagaya bariki da ita sau uku. Saje ya yanko roba, ya naɗe tsagar, ya ɗaure da waya, ya shafe da baƙin mai don kada ido ya kai. Sannan ya ɗauki alli ya ja layi. Ko zagaye ɗaya ba a yi ba.

A hanya aka yi wa ayarin kwanton ɓauna. Tara suka taka wuta suka fice. Ta goma ta mutu a tsakiyar titi da mutum shida a cikinta, ko ɗaya bai tsira ba. Direbanta Auta ne, ƙanin matar Saje, wanda shi da kansa ya koya masa riƙe sitiyari.

Jiya janwe ya dawo da ita. Gobe kwamitin bincike zai buɗe cikinta. Robar nan tana nan inda ya ɗaure ta, ita ya zo cirewa, kuma kunyar kansa ta ishe shi tun kafin ya tsallaka ƙofa.

Garejin dogo ne, rufin kwano. Ya wuce injunan da aka zazzage, da tayoyin da harsashi ya yi wa kaca-kaca, da ƙofofin da ke jiran walda. Hasken da ya rage ja ne, yana shigowa ta ramukan rufi. Motar tana can ƙarshe ita kaɗai, an cire mata tayoyin gaba an ɗora ta kan jak biyu. Gilashi babu. Busasshiyar ciyawar daji ta maƙale a ƙarfen gabanta. Batirinta yana kan benci, da idonsa ya ga an sauke shi da safe. Warin ƙauri ne ya fara tarbarsa, sai wani ƙarni a bayansa wanda ruwan wanki bai fitar ba.

Ya kunna tocila, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige ƙarƙashi.

Ga ta nan. Robar ta saki, wayar ta zame, tiyon ya buɗe baki. Aikin hannunsa ne, har yadda yake murɗa waya sau biyu ya lanƙwasa kan. Ya sa filaya ya fara kwancewa.

Sai ya ji ƙas. Ƙas. Ƙas.

Irin ƙarar da ƙarfe ke yi in inji yana hucewa. Ya ɗora tafin hannu a jikin injin, ya janye da sauri. Da zafi. Injin da ya yi wata biyu bai tashi ba.

Wani abu ya ɗigo masa a kumatu. Ya shafa ya shinshina. Gas ne, alhali tankin a huje yake, a bushe.

Kujerar direba ta yi ƙara a samansa, kamar mutum ya gyara zama.

Saje ya kashe tocila. Bai san dalilin da ya sa ya kashe ba.

Aka murɗa makulli.

Kir-kir-kir-kir. Shiru. Kir-kir-kir-kir.

Duk motar ta ɗauki rawa, tsatsa na zubo masa a ido. Sai murya, ƙasa-ƙasa, ta ratso ƙarfen da ke tsakaninsu.

"Tashi. Don Allah tashi."

Ya san muryar. Ta Auta ce, wanda ke tsokanarsa a kan tabarma duk ranar hutu, yana cewa auren yayarsa ne ya sa Saje ya yi tumbi.

"Yaya," in ji muryar. "Ta ƙi tashi."

 Ya nemi addu'a, ko ɗaya ba ta zo ba. Ya juya kai ya dubi bayan motar.

Takalma. Manyan takalman soja, da busasshen laka a jiki. Ya ƙirga ba da son ransa ba. Mutum biyar, sun jeru, sun kafa yatsun ƙafa a siminti yadda ake yi in za a tura mota.

"Ku tura," in ji muryar. "Ku tura, za ta kama."

Motar ta yi gaba kaɗan. Jak na dama ya yi ƙara, ya karkata.

"Auta," Saje ya ce da raɗa. "Ni ne. Ina ƙasa."



"Na sani, Yaya."

Takalman suka gyara tsayuwa.

"Ɗaya."

Ya yunƙura, rigarsa ta maƙale a wani ƙarfe.

"Biyu."

Ya fizga. Rigar ta yage har kafaɗa. Ya mirgina, ya sake mirginawa.

Bai ji uku ba. Ƙarar da ya ji ta toshe masa kunne, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, gaban motar yana zaune daram a siminti, daidai inda ƙirjinsa yake ɗazu. Tocilar ta zama faifai. Kujerar direba babu kowa, bayan motar babu kowa.

Mai gadi ya same shi a durƙushe, ya dunƙule hannu ya ƙi buɗewa. Tiyon ne a ciki, da robarsa da wayarsa. Abin da ya zo ɗauka ya samu, babu kuma wanda ya gani.

A daren ya kai wa limamin bariki labarin, limamin ya ce masa matattu ba sa dawowa. Mutanen ɓoye ne na can dajin suka biyo motar, suna kwaikwayon abin da suka ji. Ya faɗa ne don hankalinsa ya kwanta, amma maganar ta fi komai dukan Saje. In kwaikwayo ne, to haka aka yi ke nan. Yaran nan sun sauka cikin ruwan harsashi suna tura motar da shi ya ce ta gyaru.

Da safe ya ajiye tiyon a teburin kwamiti tun kafin a tambaye shi. Aka cire masa igiyoyin muƙaminsa, aka karɓe makullin gareji. Sati bai zagayo ba sababbin tiyo suka iso sito, kwali guda. Duk wannan bai dame shi ba kamar hanyar gida.

Ya tarar da matarsa a ɗaki tana ninke kayan yara. Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai kawo sunan Manjo ko sito ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa ninke rigar da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran, ta daɗe tana shafa ta.

"Ranar da za su tafi ya biyo ta nan," in ji ta. "Na riƙe shi ina kuka, na ce gabana faɗuwa yake yi. Ya yi mini dariya. Ya ce, ke dai kin cika tsoro, motar da Yaya ya gyara da hannunsa zan ja."