Mai Gurbi a Ƙarshen Layi

Da aka ɗauke wuta, Yaya Mudassir ya tara mu a tsakar gida, ya rage murya.

"Kun san Rumasa'u, 'yar Baba Ƙarami, mai rubuta manhajar kwamfuta? Kun lura yadda take tsayawa a tsakiyar magana?"

Muka gyaɗa kai.

"Da ba haka take ba."

Ya ce wani dare ta rage ita kaɗai a ofis. Aikin shekara guda ne, nata da na abokan aikinta, kuma da safe za a miƙa shi. Akwai rubutun umarni da kwamfuta ke bi ta harhaɗa manhajar. Ta ƙi harhaɗawa. Rumasa'u ta karanta layi-layi. Babu kuskure.

Sai ta ji sanyi a ƙeyarta.

Wani dattijo ne zaune a kujerar gefenta. Ba ta ji ƙarar ƙofa ba.

"Sannu da... aiki, 'yata."

"Baba, maigadi ne ya bar ka ka hawo?"

Ya nuna ƙarshen wani layi da farce. Ta kai alamar rubutu ta kwamfutar wurin. Ashe gurbi ne guda, fanko, wanda ido ba ya gani. Shi ya hana aikin.

"Ɗakina ne," in ji shi. "Kun rushe kangon... da nake ciki, kuka gina bene."

Ta sunkuyar da kai. Ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. Tsakaninsu da siminti akwai faɗin yatsa.

Hajjo da ke zaune kusa da ni ta ƙanƙame hannuna. "Yaya, ta gudu?"

"Ina fa! Goge gurbin ta yi, ko sallama babu."

Kujerar ta koma wayam. Ta kai yatsa za ta danna maɓallin harhaɗawa, sai idonta ya faɗa kan layin da ke share tarkacen aiki. Gurbi ya buɗe a tsakiyar adireshin wurin da za a share. Da ta danna, kwamfutar za ta karanta rabin farko kawai, ta share komai. Aikin shekara, da abincin mutane.

Ta goge. Ya ɓullo a wani layin. Ta goge. Ya dawo.

Sai ta sauka can ƙasan rubutun, inda ba ya cutar da komai, ta buɗe layi fanko.

"Salamu alaikum, Baba. Ga masauki."

Ta danna. Sannan manhajar ta haɗu tsaf.

"To ai ta tsira," in ji Hajjo.

"Aikin ya tsira. Bayan wata biyu wani sabon ma'aikaci ya ga layin, ya ce ƙazanta ce, ya goge. Manhajar ba ta sake samun matsala ba. Amma tun ranar Rumasa'u ta fara tsayawa a tsakiyar magana."

Yaya Mudassir ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ɗayanku ya kwana aiki shi kaɗai a bene. Kuma in kun ga wuri fanko, ku yi sallama kafin ku..."

Ya tsaya. Muka jira. Mun daɗe muna jira.