Zobban Garayar Baba

Madaidaici, injin awon sauti, ya saki wani siririn sauti, layi kore ya miƙe a kan allo sambal, ko karkata babu. Lantana na zaune a kujerar gwaji, a hawa na can sama na Kasuwar Sauti, jirage marasa matuƙi na ta giftawa ta bayan gilashi.

Lasifika ta zo saye. Abin da ya rage mata na mahaifinta shi ne garayarsa da wani tsohon faifai na kiɗansa, kuma so take ta ji shi tamkar yana ɗakin.

Injiniya Isiyaku, mai shagon, ya yi mata bayanin cewa yanzu ba a zaɓar lasifika da kunne, domin kunne yana da son rai. Madaidaici ne ke auna lasifikar, ya auna mai saye, sannan ya gyara 'yar na'urar ji da ake dasa wa kowa a kunne tun yana jariri, har su biyun su dace.

Aka kunna faifan a wata tsohuwar lasifika da ke lungu. Layin allo ya hau tsalle. Ita kuwa a kunnenta ga Baba nan, ga kacau-kacau ɗin zobban ƙarfen da ya ɗaura a wuyan garayar.

"Wannan nake so," in ji ta a hankali.

Isiyaku ya yi dariya. "Haba Malama, wannan gwangwanin? Dubi allo mana. Duk wannan tsallen datti ne."

Ta ce zobba ne, da gangan Baba ya sa su. Ya ce na'ura dai ba ta san kowa ba, lamba take gani. Lantana ta yi karatu, tana jin kunyar musu da lamba. Ta ɗora yatsa a allon, ta amince a gyara na'urar kunnenta.

Wani sanyi ya ratsa kunnuwanta. Wata sabuwar lasifika da Madaidaici ya zaɓa ta ɗauki kiɗan, tas kamar ruwan gora. Daɗi kam akwai, sai dai kowa ma zai iya zama makaɗin.

Ta roƙi a mayar da faifan kan tsohuwar lasifikar. Aka mayar. Layi ya ci gaba da tsalle, amma kunnenta bai ji kacau-kacau ba. Da ta tambaya ko ana warware gyaran, sai Isiyaku ya kau da kai, ya ce ba a taɓa neman haka ba.

Tana isa gida ta sauko da garayar daga bango. Ta kaɗa tsirkiya. Zobban suka girgiza a gaban idonta, shiru.

Innarta, mai dasasshiyar muryar nan ta tsufa, ta leƙo daga ɗaki. Lantana ta ga leɓɓanta na motsi, ta ji wata murya mai santsi, wadda ba ta taɓa sani ba, tana tambaya: "'Yar nan, kin samo lasifikar?"