Tarkon Tunani a Gidan Alhaji Jafar

Ana kiran magariba a Tudun Wada dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Alhaji Jafar mahauci. Siddiƙu, babban ɗansa, yana tsugune yana alwala, ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo gab da butarsa. Da ya taɓa shi sai ya ji ɗumi, kamar yanzu wani tafin hannu ya sake shi.

Ƙanwarsa Sadiyatu tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, kwamfuta a cinya. Ɗalibar jami'a ce, kuma tun tana ƙarama kukanta ɗaya: tunani mai kyau yakan zo mata, kafin ta lalubo biro ya tsere. Siddiƙu, da yake aikin kwamfuta ne sana'arsa a wani ofis a Sama Road, ya rubuta mata 'yar manhaja. Ba sai ta buɗe komai ba. A baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni za ta rubuta "kama", ta bi shi da abin da ya faɗo mata a rai, ta danna, ya shige ajiya. Ta lura tunanin ya fi zuwa idan rana ta yi ja, saboda haka kowane yammaci tana nan, yatsu a kan madannai, shiru kamar mai dakon kifi.

Jifan bai tsaya ba, kullum a wannan lokaci. Sai mantuwa ta biyo baya. Sadiyatu ta manta hanyar makaranta. Ta tsaya cak a tsakiyar Fatiha. Ranar da mahaifiyarsu, Nana Hauwa, ta miƙa mata kunu, yarinyar ta karɓa da ladabi, ta juyo ta tambayi Siddiƙu a hankali:

"Yaya, wagga mata wace ta?"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Nana Hauwa. Ba wanda ya duƙa ya ɗauka.

Washegari bayan la'asar Alhaji ya ɗauko Malam Ashafa daga Arkilla, dattijo mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna a kan buzu ya fara karatu. Inuwar katanga ta yi ta jan jiki har ta rufe tsakar gida. Kaji suka shige akurki ba a kora su ba. Can Sadiyatu ta miƙe wuya, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta, busasshiya.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Mi ta yi maka?"

"Gidanga bisa hanyata aka gina shi. In rana za ta hwaɗi nakan wuce ina zancena ni kaɗai. Ɗan Adam ya tsinci ƙwara guda, ya ce tunani ya zo mishi, kahin ya kai zaure ya mance, abina ya komo mini. Haka muka zauna da kakanninsu lahiya. Wagga ɗiya ba ta mantuwa. An ɗana mata tarko." Idanun suka juya kan Siddiƙu. "Duk wanda ta riƙe nawa, na ɗauki guda nata."

Siddiƙu ya sunkuyar da kai.

"Za a sakar maka," in ji Malam. "Ka maido nata, ka rantse da Allah ba ka sake bin gidanga har abada."

"A yanka mini rago."

"Ko ƙuda ba a yanka maka."

"Gidan mahauci, a hana baƙo tsoka?" Muryar ta yi dariya. Malam ya ci gaba da karatu, dariyar ta koma ihu. "Na yarda! A saki!"

Aka miƙa wa Siddiƙu kwamfutar. Layuka suka jeru a baƙin allon, fari fat. Idonsa ya faɗa kan guda: dabarar yadda mahautan unguwa za su haɗa kai su adana nama idan wuta ta ɗauke. Ya tuna ranar da ta kama wannan tunanin, tana tsalle, tana cewa aikin kammala karatunta ke nan. A sana'arsa kuwa ba a goge abu ba a ajiye kwafi ba. Hannu ma ya saba. Layi ɗaya ne tak. Ya tura shi wayarsa, ya goge sauran.

"An saki duka?" Malam ya tambaya.

"An goge, Malam."

Idanun Sadiyatu suka daɗe a kansa, ba ƙiftawa.

"To," in ji muryar. "Na maido gwargwadon abin da aka maido mini. Na rantse da Wanda ya halicce ni daga wuta, ba ni komowa."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Aka yayyafa mata ruwan addu'a. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna," Nana Hauwa ta rungume ta tana kuka. Ta ce, "Baba." Malam ya sa ta karanta Fatiha, ta kai ƙarshe ba tuntuɓe.

Siddiƙu ya matso yana murmushi, hawaye a fuska. Sadiyatu ta dube shi. Ta yi maza ta ja mayafi ta rufe kanta, ta koma bayan mahaifiyarta.

"Inna, wanga baƙon hwa?"

Malam Ashafa ya juyo a hankali ya kalli Siddiƙu, ya kalli aljihunsa. Siddiƙu ya zaro wayar, ya goge layin, ya ɗaga ta sama yana nuna wa iska.

"Na saki! Ga shi, na saki! Malam, kira shi!"

"Ya riga ya rantse, ɗana," in ji Malam. "Ni na sa shi."

Daga bayan mayafin Sadiyatu ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. A kawo maka ruwa?"