Mitar Tanti Veta

Magariba ce irin ta hunturun garin Medgidia, wadda duhu kan riga kiran salla sauka. Sevil na gaban murhu tana juya miyar wake, mijinta Ridvan ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo, 'yarsu Aisel na kwance a ƙasa tana aikin makaranta. Sai bango ya yi ƙara, ƙwas, ƙwas, kamar an doka sanda.

Cokali ya tsaya cak a hannun Sevil. Bayan bangon nan ɗakin Tanti Veta ne, tsohuwar maƙwabciyarsu, kuma ba a daɗe da binne ta ba.

"Bututu ne," in ji Ridvan, ko juyowa bai yi ba. "Sanyi ke sa shi haka."

Tun farkon hunturu Ridvan ya tashi sauya kamfanin gas. Sabon kamfanin ya nemi lambar mitarsa. To, mitocin gidan hayar duk a jere suke cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bene, iri ɗaya sak, fenti ya shafe lambobin ɗakuna. Ya kira mai gidan a waya. "Haba, wannan ma sai an koya maka?" in ji mutumin. "Kunna murhu, ka riƙa rufe famfon kowace mita kana buɗewa. Wadda wutarka ta mutu, ita ce taka." Haka aka yi. Sevil ta tsaya gaban murhu, shi yana ƙasa, har ta ƙwala masa kira cewa wuta ta mutu. Ya hawo yana wata 'yar dariya da bai faɗi dalilinta ba.

Da yammacin ranar Tanti Veta ta yi ta buga bango. Dama halinta ne, ko gudu Aisel ta yi sai ta buga. Sevil ta ce ya leƙa ta, ya ce ba ya zuwa wurin mayya. Bayan kwanaki aka fasa ƙofa, aka same ta kan kujera cikin barguna, ta sandare. Mutane suka ce tsufa ne da sanyi. Dangi suka zo daga Italiya, suka rufe ɗakin, suka koma.

Tun daga magaribar da bango ya yi ƙara bayan binne ta, gidan bai sake zama lafiya ba. Rana na faɗuwa sai tsakuwa ta fara sauka a taga, a hawa na huɗu, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wutar murhu kan kwanta ta mutu ba iska. Sai kuma Aisel ta fara sanyi. Ga hita mai ɗumama ɗaki na aiki har gilashi na gumi, amma yarinyar jikinta kamar ƙarfen ƙofa, leɓɓanta sun yi shuɗi. Likita ya duba, bai ga komai ba. Kullum tana ƙara lafewa, Sevil na kallo, 'yarta na tafiya a hannunta.

Ita ta je ta ɗauko Hoja Nurla, tsohon malamin unguwar Tatar. Ya zo gab da magariba, ya zauna gefen gado, ya ɗora hannu a goshin yarinyar, ya fara karatu a hankali. Can Aisel ta buɗe ido, sai wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, kamar hucin gas.

"Hoja, daina ƙona ni. Ba ni na fara ba."

"Wane ne kai? Me ya haɗa ka da yarinya?"

"A 'yar wutar hitar gas ta tsohuwar nan nake zaune tun tana amarya. Ba ta taɓa barin ta ta mutu ba. Wani ya rufe mana famfo, ya bar shi a rufe. Na ga yadda ta yi ta kyasta ashana har hannunta ya daina riƙo. Ina za ni? Na shiga inda na sami ɗumi."

Hoja ya ce, "Fita. Ba ta da laifi."

"Wanda ya rufe ya je ya buɗe da hannunsa, in koma gidana. In ba haka ba, zan zauna har ɗumin nan ya ƙare. Saura kaɗan."

Sevil ta juyo ta kalli mijinta.

"Wallahi ban taɓa na kowa ba," in ji Ridvan. "Duk wanda na rufe na buɗe. Maganar aljani za ku kama? So kuke 'yan sanda su ɗauke ni?"

Kaico! Mutumin nan ya tsaya yana rantsuwa, yana lissafin kansa, 'yarsa na karkarwa a gabansa. Numfashinta ya koma sama-sama, farce ya yi baƙi. Sevil ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana cewa, "Baban Aisel, don Allah." Bai motsa ba sai da idon yarinyar ya fara juyewa.

Sannan ya fita. Sevil ta bi shi har ƙarƙashin bene da fitilar waya. Ya buɗe akwatin. Ga mitoci nan a jere, ba mai iya bambanta su. Bai duba ba, bai ƙirga ba, hannunsa ya tafi kai tsaye kan guda, ya murɗa. Sevil ta kashe fitilar.

Da suka hawo, sun tarar Hoja na shafa addu'a, Aisel na zaune, gumi na tsattsafo mata. Bayan bango kuwa an ji hita ta kama da kanta, a ɗakin da ba kowa. Ridvan ya ruga zai rungume 'yarsa. Ta ja baya, ta dube shi da idonta na yau da kullum, ta yi magana da muryarta ta yara.

"Maƙwabci," ta ce, "na yi ta buga maka bango. Ka ji ni, ka ƙara sautin talabijin."

Hoja ya sake karatu, ya girgiza kai. Aljanin ya tafi, abin da ya gani ne ya bar mata. Aisel ta warke sarai, ta girma, ta yi aure a garin Constanța, har ta haihu. Maƙwabci take ce wa mahaifinta har yau.