Hular da Ba a Wankewa

A wani zamani an yi wani mutum mai hula ɗaya tak. Ba ya yarda a wanke ta, wai kada ta koɗe. Da ƙwarƙwata ta cika masa kai, sai ya tafi wurin wanzami.

Wanzami ya aske shi tas, ya ce, "Malam, a wanke hular nan da ruwan zafi."

Ya ce, "Kai na kawo maka, ba hula ba." Ya kifa abarsa ya tafi.

Gashi ya tsiro, susa ta dawo. Aka sake aski, ya sake kifa hula.

A zuwa na uku, yana ajiye hular a kan tabarma, sai ta kama hanya da kanta.

Wanzami ya ce, "Malam, masu hula sun tafi da kayansu."

Ya ce, "A ɗora ruwa."