Sai Na Ga Makulli

"Auta, a wane kwali kika saka ludayi?"

"Wanda aka rubuta 'takalman Baba' a jiki, Mama."

Haka gidan ya koma tun ranar da Baba ya karɓi tayin sayar da shi. Gwiwoyinsa sun daina shiri da matakalar bene, zai koma wani ƙaramin gida kusa da babban ɗansa. Mama kuwa, sarkin azarɓaɓi, a satin nan ta tattara komai cikin kwalaye ta liƙe da tef. Sai dai Baba ya kafa sharaɗi: ba zai sa hannu a takardar ƙarshe ba sai autarsa ta tafi ɗakin miji daga gidan da aka haife ta.

Shi ma mai neman auren nata, Dogo mai gyaran firji, an kafa masa nasa.

"Ba na bai wa ɗan haya 'yata," in ji Baba. "Yau a ƙara maka kuɗi, gobe a watso maka kaya waje. Sai na ga makullin gidanka a hannunka."

Dogo bai yi musu ba, don son da yake wa Auta ko dutse aka ce ya ɗauko sai ya tambayi wanne. Ya yi ta nema har ya sami gida mai ɗaki biyu da bishiyar lemo a tsakar gida. Ya taya, aka sallama. Ranar ya zo zance bakinsa har kunne.

"Dillali ya ce sati shida, Auta. Ki fara zaɓen labule."

Allah sarki Dogo. Shi a tunaninsa da an ce "an sallama" magana ta ƙare, bai san a nan ake ɗaura ɗamara ba. Lauya ya ce sai ya binciki takardun filin. Banki ya ce sai ya turo mai duba gini, mai duba gini ya zo ya ga tsaga a katanga, aka koma ciniki kan wanda zai gyara. Ana gama wannan, mai sa hannu a fayil ya tafi hutu. Lemon da Dogo ya gani yana fure ya yi 'ya'ya, ya nuna, yaran unguwa suka shanye, makulli shiru.

Ana nan sai Gwaggo, yayar Baba, ta fara zarya. Ta zauna a kan kwalin tukwane ta taɓe baki.

"Yarinya tana ta tsufa a tsakanin kwalaye. Ga ɗan ƙawata nan, gidajensa biyu, makullai har yage masa aljihu suke yi."

"Ni ba makulli zan aura ba, Gwaggo," Auta ta faɗa idonta taf da hawaye.

"Ai shi ubanki ya ce."

Baba ya yi gyaran murya ya yanke hukunci: in wata ya ƙare ba makulli, Dogo ya nemi wata.

Da yamma Dogo ya zo, duk ya zabge, rigar aikinsa na lilo a jikinsa. Ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, wallahi nawa ɓangaren ya kammala, har banki ya amince. Matar da zan saya a wurinta ce ba ta da inda za ta koma. Wai gidan da ita ma ta saya, wani tsoho ne ya ƙi sa hannu."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka ji rashin tsoron Allah. Ka karɓi tayin mutane, ka bar su a rana? Irin waɗannan tsofaffin su ke ɓata mana suna. Da zan gan shi da na gaya masa wadda ba zai manta ba."

Garin babba ne, tsofaffi masu taurin kai kuma ba su ƙirguwa, don haka ba wanda ya kawo komai a ransa.

A bakin ƙofa Auta ta fashe da kuka. "Ko dai mu haƙura ne, Dogo? Na gaji da gorin Gwaggo."

"Ki haƙura da gorin, kar ki haƙura da ni," ya ce. "Gobe ma zan koma wurin matar."

Saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, sai ga sallama da hantsi. Sista ce, ma'aikaciyar asibitin da ta sayi gidan Baba. Da can awon taga take zuwa yi da fara'arta, yau ko tef ɗin awo ba ta riƙo ba.

"Baba, ka ji tausayina ka sa hannun nan. Ni ma a kan kwalaye nake kwana. Ga yaron da ya sayi nawa ya hana ni sakat, kullum yana bakin ƙofata kamar maigadi. Don neman shiri har firjina ya gyara sau biyu, alhali lafiyarsa ƙalau."

Ludayi ya tsaya a hannun Mama. "Firji?"

"Sana'arsa ke nan. Wani dogo haka. Wai surukinsa ya ce ba makulli ba aure. Ni dai na ce masa wannan suruki naka Allah ya shirye shi."

Auta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san dariya take yi ko kuka ba. Baba ya dubi Sista, ya dubi silin, ya dubi sandarsa.

"Malam," Mama ta ce a hankali, "ga tsohon nan ka samu. Sai ka gaya masa wadda ba zai manta ba."

"Ai... wato... ba laifina ba ne. Lauyoyin nan ne."

"Lauya na jiranka, Sista na jiran lauya, Dogo na jiran Sista, kai kuma kana jiran Dogo. Haka za mu zauna har a busa ƙaho?" Sai ta sassauta murya. "Ni na san ba makulli kake jira ba. Gida zai tafi, auta za ta tafi, shi ne ka ɗaure wannan da wancan don kar ko ɗaya ya motsa."

Baba ya daɗe yana kallon jikin ƙofar kicin, inda zanen fensir na awon tsawon Auta yake tun tana rarrafe har ta kai kafaɗarsa. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce ƙurar kwalaye ce.

"A wane kwali aka saka biro?" ya tambaya.

Kar ku ɗauka shi ke nan. Bayan Baba ya sa hannu sai da aka ƙara makonni, don lauyan Sista ya rubuta lambar gida ba daidai ba. Amma wannan karon Baba da kansa yake dogara sanda zuwa ofishin yana musu faɗan ɓata wa yara lokaci. Gwaggo ta ɗauke ƙafa.

An ɗaura aure Auta na cikin gidan da aka haife ta, Dogo kuma aljihunsa wayam, ba makulli. Washegari motocin kaya suka cika layi. Baba ya ciro makullinsa ya miƙa wa Sista, Sista ta buɗe jaka ta miƙa wa Dogo nata, Dogo ya durƙusa ya ɗaga shi da hannu biyu a gaban surukinsa.

Baba ya karɓa, ya jujjuya shi, ya mayar masa.

"Ka dai daɗe," ya ce.

To 'yan'uwa, cinikin gida ba cinikin tumatir ba ne, daga sallamawa zuwa makulli tafiya ce ta watanni, sai mai haƙuri irin na Dogo da Auta. In kuma jira ya yi tsawo, kafin ka zagi wanda ya tare hanya, laluba aljihunka tukuna.