Wanet Mai Ƙashin Bututu

Yazan ya ɗora bindigar a kan bututun da bai gama hucewa daga walda ba.

"Ɗauke ta daga nan!" Muath ya ce, yana waigen ƙofar warsha, garejin yayansa. "Gas Yaya ya je saye, yanzu zai dawo."

"To mu gama magana kafin ya dawo."

Rana ta take tsaka, layin makanikai na kudancin Jidda ya yi tsit don zafi. A tsakiyar warshar motar ke tsaye tsirara, ba bodi, ba kujeru. Tsohuwar wanet ce, irin a-kori-kurar da ake dakon kaya da ita, amma Abdulghaffar, yayan Muath, ya yanke shasinta mai nauyi ya yar a bayan shago. Tun kafin azumi yake gina mata sabo da siraran bututun ƙarfe marasa nauyi. Shi ke lanƙwasa su, ya fere bakin kowanne har ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa, ya ɗaure a kan teburin awo, sannan ya bi da walda a hankali kamar mai ɗinkin hula. Muath ke riƙe masa, shi ke goge gaɓoɓin. Ranar da ƙashin ya haɗu, su biyu suka ɗaga shi da hannu, Abdulghaffar na ta dariya.

Motar tseren miƙaƙƙen layi ce, amma an yi ta yadda za ta hau titi. Duk layin an san Muath ya kamata ya tuƙa ta. Sai dai filin tsere takardu yake nema, shi kuwa iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun shekarar da aka rushe Karantina, unguwar da aka haife shi. Nayef, ɗan kafilin warshar, wato ɗan ƙasar da ya tsaya musu a takardu, shi zai zauna a bayan sitiyari.

"Kai ka ƙone hannu, wani ya ɗaga kofi," Yazan ya ce. Tare suka tashi a Karantina, ya san inda ke yi wa Muath ciwo. "Tuƙi ɗaya nake so, ya akhi, ɗan'uwana. Gidan wani mai zinare a Abhur. Ina da mutumin da zai tayar maka da iƙama."

"Ba harbi?"

"Wallah ba harbi. Tsoratarwa ce kawai."

"No wahala, Oga," in ji Bello, wani ƙato da ya zo umara daga Najeriya ya maƙale. "Mu shiga, mu fito, kai dai ka taka wuta."

Ƙarar tukunyar gas ta taso daga waje. Bindigar ta ɓace cikin rigar Yazan. Abdulghaffar ya shigo yana share gumi, ya amsa sallamarsu a taƙaice, ya bi su da kallo har suka fita.

"Me waɗannan suke nema?"

"Birki suke tambaya, Yaya."

"Ba na son ganinsu a nan. Zo kama min, mu ɗora mazaunin inji."

Muath ya kama. Yayan ya ɗaga gilashin walda ya dube shi.

Cikin makonnin da suka biyo baya aka zaunar da inji, aka ɗaura ƙafar baya, aka shimfiɗa farantin alminiyam a ƙasa, aka mayar da bodi. Kujeru biyu kawai aka sa. Komai da zai ƙara nauyi Abdulghaffar ya cire shi.

Ranar Juma'a, da yayan ya tafi masallaci, Muath ya ɗauki makulli, ya biya ya ɗauki Yazan a gaba, Bello a bayan a-kori-kurar.

*

A Abhur, unguwar masu hali da ke arewacin Jidda, titi ya yi fayau, maza duk suna masallaci. Muath ya tsaya a gefen katangar gidan, inji na gurnani. Yazan da Bello suka naɗe fuska da mayafi, suka buga ƙaramar ƙofa.

Hadjara ce ta buɗe, 'yar aikin gidan, mutuniyar Nijar. Bello ya banke ta, ta faɗi.

"Wayyo Allah! Don girman Allah ku yi haƙuri!"

Har cikin mota Muath ya ji Hausar. Harshen da ya tashi yana ji a Karantina ne.

A sama, matar gidan, Mashael, ta hango su ta taga. Ta ja 'ya'yanta cikin banɗaki, ta kulle, ta kira shurɗa, 'yan sandan garin, tana raɗa.

"Ina akwatin? Ina yake!" Yazan na ihu a falo.

"Ban sani ba, wallahi ni shara nake yi..."

Bello ya fasa ƙofar ɗakin maigidan da kafaɗa. Suka kwashe sarƙoƙi da awarwaro daga durowa, suka zuba a jaka. Suna fitowa, mayafin Yazan ya maƙale a hannun ƙofa ya zame. Hadjara na durƙushe a tsakar gida. Ta dubi fuskarsa, shi ma ya dube ta.

Tau!

Muath ya zabura har kansa ya bugi bututun rufin mota.

Yazan ya faɗo kujera da jaka a ƙirji. "Yalla! Yalla! Mu tafi!"

"Wa ka harba?"

"Ja mota!"

"Ka ce ba harbi! Ina Bello?"

Bello ya fito da gudu, ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ya tashi yana ɗingishi. Daga ƙarshen layi jiniya ta taso. Sanyin bakin bindiga ya taɓa kunnen Muath.

"Na ce ka ja."

"Ga shi nan fa, ya kusa—"

"Halas! Magana ta ƙare! Nauyi zai ƙara mana. Taka!"

Muath ya taka. Tayoyin baya suka yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta yi tsalle kamar an harba ta. A madubi ya ga Bello na bin su da hannu a miƙe, yana kiran "Oga! Oga!" har motar sintiri ta sha gabansa.

Mulazim Othman, jami'in da ke cikin mota ta biyu, ya bi su yana magana a rediyo. "Farar wanet, ta nufi babban titi. Ku tare gaba, ba za mu cim mata ba!"

Ba su cim mata ba kuwa. Motar ta miƙe a titi, ba girgiza, ba karkata. Fitilun shurɗa suka ƙanƙance a madubi har suka ɓace. Muath bai ji daɗin komai ba. Muryar matar nan ce kawai a kunnensa.

"Sauka nan!" Yazan ya nuna wata hanyar ƙasa da ta bi bayan gine-ginen da ba a gama ba. Can wata ƙaramar mota ke ɓoye. Muath ya tsaya, ƙura ta lulluɓe su.

Yazan ya fita da jakar. Muath ya kai hannu zai kwance bel.

"Zauna," Yazan ya ce.

"Me kake nufi?"

"Wannan motar duk Jidda an san warshar da ta fito. Kafin magariba shurɗa suna gidanku. Kai kuma bakinka ba ya riƙe magana."

"Yazan... tare fa muka tashi."

"Samihni, ya akhi. Ka yafe min."

Tau!

Kamar an caka masa ƙarfen walda a gefen ciki. Muath ya kife a kan sitiyari, hon ya kama kuka. Kukan hon ɗin ne ya jawo Mulazim Othman. Yazan kuwa bai yi nisa ba. Bello, da ya ga yadda aka yar da shi, tun a bakin gidan ya faɗi launin ƙaramar motar da hanyar da za ta bi. A shingen da aka kafa Yazan ya zaro bindiga, aka riga shi harbi, ya faɗi matacce.

*

Muath ya farfaɗo a asibiti, hannunsa ɗaure da ƙarfen gado. Mulazim Othman na zaune a gefe.

"Matar?" Muath ya tambaya da ƙyar.

"Ta rasu kafin a kawo ta. 'Ya'ya ta bari a Damagaram, ita ke ciyar da su."

Muath ya rufe ido.

"Yayanka yana hannunmu," jami'in ya ci gaba. "Da ƙafarsa ya zo. Ya ce shi ya ba wa su Yazan hayar motar, shi ya tura ka, kai ba ka san inda za a je ba."

"Ƙarya yake yi!"

"Ya rantse."

"Ƙarya ne! Yana masallaci na saci makullin!" Muath ya yunƙura, ɗinkin cikinsa ya buɗe, jini ya ɓata zanin gado. "Ku sake shi! Ni ne, na san komai tun farko. Ku rubuta, zan faɗa!"

Ya faɗa kuwa, bai rage komai ba.

Kotu ta yanke wa Muath da Bello shekaru masu yawa. An wanke Abdulghaffar daga fashin, amma kafili ya janye hannunsa, aka rufe warshar, aka ba shi takardar barin ƙasa zuwa Chadi, ƙasar kakanninsa da bai taɓa gani ba.

Kafin ya tafi aka bar shi ya ga ƙanensa ta bayan gilashi. Ya rame, gemunsa ya yi furfura.

"Yaya, me ya sa ka yi musu ƙarya?"

"Da ka yi shiru, da an rage maka."

"Da kai kuma fa?"

Abdulghaffar ya ce, "Na nemi adireshin 'ya'yan matar nan. In na samu wurin walda a can, zan riƙa aika musu kuɗi."

Mai gadi ya taɓa kafaɗarsa. Ya miƙe, ya yi sallama, ya fita.